Kafin Ku Fitar Da Ƙanwata Daga Musulunci, Ku Tsaya Ku Ji

Na so in yi shiru a kan maganar nan, domin harka ce ta cikin gida. To amma tunda saƙon muryar da aka yi a zaurenmu na dangi a WhatsApp ya fita waje, har wani abokin aikina ya kunna mini shi a ofis yana tambayata, "Malam, ba ƙanwarka ake nufi ba kuwa?", shiru ya ƙare ke nan. Ba zan kama sunan kowa ba, wanda ya yi ya san kansa. Ita kuma na nemi izininta kafin in rubuta. Rubutun yana da tsawo, don Allah wanda zai yi sharhi ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

Ƙanwata da mijinta sun haura shekara goma a Amurka. 'Ya'yansu uku, babbar tana da shekara 11, na tsakiya 8, autan 5, kuma ba sa zuwa makaranta, a gida suke karatu. A bara mijin ya samu aiki a wani asibiti, suka tattara daga jihar Niyok suka koma wani matsakaicin gari a jihar Teksas inda ba su san kowa ba. Wata huɗu cur yaran nan ba su da abokin wasa ko ɗaya, daga ɗaki sai mota sai kanti. Babbar ta daina yawan magana. Rannan sai ƙanwata ta rubuta a zauren dangi cikin murna cewa alhamdulillah ta samu ƙungiyar iyaye masu koyar da 'ya'yansu a gida, ƙungiya ce ta "sekula", ranar Laraba za su fara zuwa, a taya su da addu'a.

Ko awa ɗaya ba a yi ba wani babba a cikinmu ya saki saƙon murya na minti bakwai. Wai da ma ya faɗa, wanda ya raba 'ya'yansa da makaranta wata rana zai raba su da salla. Wai ta kai jikokin mahaifinmu wurin waɗanda ba su yarda da Allah ba. Wasu suka bi da "Innalillahi". Babu mutum ɗaya da ya tambaye ta me ta gani a garin, ko ƙofa nawa ta ƙwanƙwasa kafin ta isa wannan.

Bari in fara da faɗin inda na tsaya, don kada a ce son kai ne. Ni ban yarda da tsarin karatun da ƙanwata ta zaɓa ba. Makarantar gwamnati ce ta yi ni, tun daga firamare har jami'a, 'ya'yana kuma kullum da safe suna cikin yunifom. Mun yi musu da ita a kan haka har ta taɓa kashe mini waya. Amma saɓanin ra'ayi a kan hanyar karatu daban, jifan mutum da fita daga addini daban.

Tsarin da take bi, su a can suna kiransa "anskulin", ni kuwa nakan ce masa karatun bin yaro. Wani malamin makaranta Ba'amurke mai suna John Holt ne ya yayata shi. Ya yi shekaru yana koyarwa a aji, ya fitar da littafi a 1964 a kan yadda yara ke faɗuwa a makaranta, da wani a 1967 a kan yadda suke koyo. Abin da ya lura da shi shi ne tsoron kuskure da neman faranta wa malami suna kashe wa yaro son sani. Daga baya ya yanke ƙauna da gyaran makaranta gaba ɗaya, a 1977 ya fara buga mujalla a Boston don iyayen da suka cire 'ya'yansu. Ya rasu a 1985. A tsarinsa babu jadawali, babu jarrabawa, babu manhajar dole. Yaro ya nuna sha'awar tsuntsaye, sai uwa ta bi shi da littattafai da fita daji da lissafin nisan da suke tafiya. To ku lura, Holt bai taɓa cewa a kulle yaro a ɗaki ba. Hujjarsa ita ce makaranta tana raba yaro da rayuwar jama'a, a mayar da shi cikin mutane ya ga yadda ake aiki. Ke nan iyalin da ke bin wannan hanya, idan suka rasa jama'a, sun rasa komai. Mai ɗa a makaranta in ya sauka a sabon gari, ranar Litinin ɗansa ya samu abokai ashirin. Ita kuwa ƙanwata sai ta fita ta nemo su ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne tarihin ƙasar ya shigo. Holt ba mai wa'azi ba ne, amma daga shekarun 1980 waɗanda suka cika harkar karatun gida a Amurka Kiristoci ne 'yan bishara, masu ganin makarantar gwamnati tana lalata musu tarbiyyar yara. Wasu ma'aurata masana ilimi, Raymond da Dorothy Moore, sun ja hankalinsu da littattafai da hirarraki a rediyon Kirista. A 1983 lauya Michael Farris da abokinsa suka kafa ƙungiyar lauyoyi ta Kirista mai kare masu karatun gida, suka yi ta shari'a jiha bayan jiha har abin ya zama halas a duka jihohi 50 a farkon shekarun 1990. Su suka sha wahalar, su suka gina ƙungiyoyin, don haka ba abin mamaki ba ne a ce galibin ƙungiyoyin da ke da gini da kayan aiki, musamman a jihohin kudu irin Teksas, a hannun coci suke. Tsarinsu kamar aikin gayya ne. Iyaye su haɗu sau ɗaya ko biyu a mako, wadda ta iya lissafi ta koyar da lissafi, wanda ya iya kafinta ya koyar da kafinta, yara su yi ƙwallo tare.

Ƙofar farko da ƙanwata ta je irin wannan ce. Ta ce mini, "Yaya, wallahi mutanen kirki ne, sun karɓe mu da fara'a, ga ɗakin gwaje-gwaje, ga filin ƙwallo, yaran har sun fara tsalle." Sai aka miƙo mata fom. A shafi na biyu akwai takardar shaidar aƙida da dole uwa da uba su sa wa hannu: cewa sun yi imani da Triniti, cewa Annabi Isa (AS) ɗan Allah ne, cewa ya mutu ya tashi, cewa babu ceto sai ta wurinsa. Ta ninke takardar ta mayar, ta yi godiya, ta ja yara suna kuka suka shiga mota. Ƙofa ta biyu ba su ce sai ta sa hannu ba, amma sun ce ba za ta koyar da komai ba, kuma kowane aji da addu'arsu ake buɗe shi. Ta uku ta Musulmi ce, a babban birni, tafiyar fiye da awa biyu a mota, zuwa kawai. Sun je sau biyu, kuɗin mai da gajiyar ɗan shekara biyar suka hana su ci gaba.

Ban ga laifin waɗancan Kiristoci ba. Ƙungiyarsu ce, coci ne ya ba su ɗaki, suna da ikon cewa sai nasu. Mu ma Islamiyyar unguwarmu ba za mu ɗauki wanda bai yi kalmar shahada ba mu ba shi aji. Tambayar da nake yi wa mai saƙon murya ita ce, a cikin ƙofofin nan wacce kake so ta shiga? Da ta rufe ido ta sa hannu a takardar farko don yara su samu filin ƙwallo, da ka ji kalmar "ƙungiyar masu addini" ka yi shiru, alhali a nan ne za ta rubuta da hannunta abin da ya ci karo da tauhidi. Ta ƙi, ta zaɓi wata huɗu na kaɗaici a kan ta sa hannun, ita ce kuma yau kake cewa ta sayar da addininta. Haba Yaya!

Ƙofa ta huɗu ita ce ta sekulan. Ba su da gini, ba su da kuɗin rajista. Duk Laraba suna haɗuwa a filin shaƙatawa na gari, kowa da tabarmarsa da abincinsa, yara su watsu su yi wasa awa uku. Wani lokaci su haɗa kuɗi su je gidan tarihi ko gona. A cikinsu akwai iyali 'yan Indiya mabiya Hindu, akwai Bayahudiya, akwai 'yar Katolika wadda ita ma takardar aƙidar 'yan bishara ba ta yi daidai da nata imanin ba, akwai baƙaƙen fata 'yan ƙasa masu zuwa coci duk Lahadi da suke son a raba darasin kimiyya da wa'azi, akwai kuma waɗanda ba su da addini kwata-kwata. Dokarsu biyu ce: ba a yi wa ɗan wani wa'azi, ba a yi wa addinin wani ba'a. Lokacin azahar ƙanwata takan shimfiɗa dardumarta a gindin bishiya da hijabinta, babbar 'yarta a gefenta, wata daga cikin matan ta riƙe mata autan har su sallame. Abin da "sekula" ke nufi a wannan fili ke nan, wato ba a tambayar aƙidarka a bakin ƙofa.

Irin waɗannan ƙungiyoyi sun ƙaru ne saboda masu karatun gida sun canza kama. Hukumar ƙidaya ta Amurka ta ce a shekarar korona, 2020, gidajen da ke koyar da yara a gida sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari zuwa 11.1 cikin 'yan watanni, a gidajen baƙaƙen fata kuwa daga 3.3 zuwa 16.1. Da yawa sun koma makaranta bayan annoba, amma da yawa sun zauna, kuma ba dukansu ne 'yan bishara ba. Dole su nemi inda za su haɗu.

Na san abin da ya sa kalmar take yi mana ɗaci a kunne, kuma ba a banza ba ne. Mu a Nijeriya mun san ta ne a fagen rigima. Da ita aka yi ta jifa a Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1977 zuwa 1978, lokacin taƙaddamar kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci, har wakilai Musulmi suka fice daga zauren. Da ita aka yi hayaniya a 1986 a kan shigar Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a zamanin Babangida. Da ita aka sake tasowa bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999. Sashe na 10 na kundin tsarin mulkinmu ma bai ambaci kalmar ba, cewa kawai ya yi gwamnati ba za ta ɗauki wani addini a matsayin addinin ƙasa ba, amma duk da haka duk wanda zai ce mana "a'a" da ita yake fara magana. Shi ya sa da mun ji ta sai mu ɗaure fuska. To amma kalma tana da gari. A Kano kai ne mai rinjaye, in an ce a ajiye addini a gefe, naka ake nufi. A ƙaramin gari a Teksas kai ne 'yan tsiraru, in an ce a ajiye addini a gefe, ana nufin ba za a tilasta wa ɗanka na masu rinjaye ba. Wanda bai taɓa zama baƙo ba zai yi wuya ya gane wannan.

Ni na taɓa zama. Bautar ƙasa ta kai ni wani ƙauye a kudu maso gabas inda Musulmin garin ba mu cika sahu ɗaya ba. Kowace ƙungiya a garin ta coci ce, ta matasa, ta mata, har ta adashi. Wurin da na samu mutane shi ne filin ƙwallon makarantar da nake koyarwa, da yamma, inda babu wanda ya damu da sunana in dai zan iya tsare gida. A nan na samu wanda ya kai ni asibiti a kan babur da zazzaɓi ya kayar da ni. Ban bar salla ko ɗaya ba saboda filin nan. Duk ma'aikacin gwamnatin da aka taɓa yi wa taransifa zuwa inda ba nasa ba ya san abin da nake faɗa.

Ba zan ɓoye ba, akwai abin dubawa. A cikin iyalan nan akwai masu rayuwar da addininmu bai yarda da ita ba, kuma yara suna da ido da kunne. Wata rana ɗan shekara takwas zai dawo ya ce abokinsa ya ce babu Allah, me za a ce masa? Tambaya ce mai nauyi, na kuma yi wa ƙanwata ita. Amsarta ita ce, "Yaya, tambayar nan za ta zo ko daga makaranta, ko daga maƙwabta, ko daga waya. Gara ta zo ina zaune a kan tabarma taku goma daga inda aka yi ta, da daddare mu zauna mu warware." Yaran suna karatun Alƙur'ani kullum da asuba da wani malami daga gida ta waya, babbar ta kusa izu goma. Ranar Juma'a uban yana kai su ɗan masallacin da Musulmin garin suke haya. Ba ta ce filin Laraba zai koya musu addini ba. Abokan wasa ta je nema, ta kuma samu.

Masu cewa ta zauna a gida ta rufe ƙofa ta tsare imanin 'ya'yanta, ku san cewa shawarar da ta fi kowacce haɗari kuke ba ta. A Niyok doka ta tilasta mata ta sanar da hukumar ilimi duk shekara, ta miƙa tsarin abin da za ta koyar, ta kai rahoto sau huɗu a shekara, a kuma auna yaran a ƙarshe. A Teksas babu ko ɗaya. Tun hukuncin kotun ƙolin jihar na 1994 ana ɗaukar karatun gida kamar makaranta mai zaman kanta. Doka ta ce a koyar da karatu, rubutun kalmomi, nahawu, lissafi da zama ɗan ƙasa nagari, amma babu jami'in da zai ƙwanƙwasa ƙofa ya duba. Yaro zai iya kai shekara 15 bai iya karanta jarida ba, babu wanda ya sani. Wanda ya karanta labarin Tara Westover, wadda ta tashi a Idaho ba ta taɓa shiga aji ba sai tana da shekara 17, ta kuma ba da labarin a littafinta na 2018, ya san abin da rufaffen gida kan ɓoye. A irin wannan wuri, idon da ya rage a kan yaro shi ne idon sauran iyaye.

Ga misali a gidanmu. Mako na uku da fara zuwansu, wata tsohuwa a ƙungiyar, malamar firamare ce da ta yi ritaya take kawo jikokinta, ta ja ƙanwata gefe ta ce ta lura yaron nan na tsakiya yana kai littafi har kan hancinsa, a kai shi a duba masa ido. Aka kai shi, sai ga shi tabarau yake buƙata. Shekara biyu uwarsa tana cewa bai shirya wa karatu ba ne, a bar shi lokacinsa zai zo, kamar yadda 'yan tsarinsu suke faɗa. Ashe yaro ba ya gani ne. Na ce mata wannan hujjata ce a kanki, da yana makaranta da tuni malami ya gano. Ta ce hujjarta ce ita ma, da ta bi shawarar masu cewa ta kulle ƙofa da har yau ba a gano ba. Mu duka biyun muna da gaskiya. Da Hausawa suka ce ɗa na kowa ne, irin wannan suke nufi, kuma tsohuwar nan ba ta tambayi addinin yaron ba kafin ta yi magana.

Wani gargaɗi kuma ga 'yan boko irina da za su karanta wannan su ce ai mu ma sai mu cire yara daga makaranta, tunda Turawa ma sun gane ba ta da amfani. A'a. Abin da ƙanwata take yi a kan ginshiƙai yake tsaye: uwa mai digiri da ta ajiye aiki, albashin miji da ke riƙe gida, laburaren gari da za ka ari littattafai kyauta, wuta da intanet da ba sa ɗaukewa, ƙungiyar yara ta 4-H da jami'o'in jihohi ke kula da ita inda ake koyon kiwo da noma da ƙere-ƙere. Duk da haka ma ga abin da ya faru da idon yaro. Mu nan UNICEF ta daɗe tana cewa yara kimanin miliyan 10.5 ba sa makaranta, galibinsu a Arewa, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta shekara tara na karatu. Yarinyar da ke yawo da farantin talla ba tsarin John Holt take bi ba, hana ta aka yi. Kada wani ya ari sunan Bature ya lulluɓe sakacinmu.

Ga 'yan'uwa da ke waje masu shirin tashi zuwa sabon gari da yara a gida, ga abin da ta koya da wahala. Ku karanta dokar jihar kafin ku ɗaure kaya, don kowace jiha da tata. In kun sauka ku fara da laburare, ma'aikaciyar sashen yara ta san duk iyalan da ke zuwa da rana tsaka a ranar makaranta. Ku nemi a turo muku fom ku karanta kafin ku kai yara su ga wuri, kada su ƙwallafa rai a kan inda ba za ku iya sa hannu ba. Kada ku yanke hukunci da zuwa ɗaya, ku je sau uku. Kada ku ɗora wa ƙungiya ɗaya komai, masallaci da aikinsa, fili da nasa. Sannan ku gayyaci mutane gida. Ƙanwata ta ce ranar da ta yi musu waina da miyar taushe ta fi wata guda na gaisuwa a fili amfani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, abin da take tuƙa mota tana nema a Teksas, mu da shi muka tashi kyauta. Ƙofar gida, dandali, gidan maƙwabta da za ka ci tuwo ba a tambaye ka ɗan wa ne ba. A layinmu na da akwai ma'aikacin jirgin ƙasa Bayarabe Kirista, da 'ya'yansa muka yi langa, matarsa ta sha yi mana faɗa in mun yi rashin ji, iyayenmu kuma su ƙara mana da nasu. Yau ni kaina ina zaune a rukunin gidaje mai doguwar katanga, shekara shida, ban san sunan yaran gida na uku daga nawa ba. In baƙo ya tare a layinku gobe, ɗan wata jiha ko mai wani addini, wa zai aika ɗansa ya kira nasa wasa? Mu da muke zagin wadda ta je neman jama'a, mu duba ko mun riƙe tamu.

Yaya, kai babba ne, ba zan yi maka rashin kunya a bainar jama'a ba. Amma malamai sun sha gargaɗinmu a kan nauyin jifan Musulmi da kafirci, kuma ka yi shi a kan kalma ɗaya da ba ka tambayi ma'anarta ba. Saƙonka ya kai kunnen yarinya 'yar shekara 11, ta kira ni tana tambaya, "Kawu, wai da gaske mun zama arna?" Ni na amsa mata abin da ya sawwaƙa. Saura kai. Lambar uwarta tana wayarka, kuma a inda ka yi ɓarnar, a zauren dangi, a nan ya kamata ka yi gyaran.

Allah Ya shirya mana zuri'a a duk inda suke, Ya haɗa su da mutanen kirki.